Kuɓewar Jan Ƙyalle

Gwaggo mai shara, Allah Ya ba ta ladan haƙuri, a laburaren unguwarmu ta tsufa. Kullum tana goge ƙurar littattafai, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Mijinta tsohon direban bas ne, ciwon sukari ya kwantar da shi. Likita ya ce sai ganye, sai kayan lambu. To a ina? Unguwar nan kanti ɗaya ne, daga biskit sai abincin gwangwani, kasuwa kuwa sai an hau mota an sake hawa.

Ana nan sai laburare suka yanka filin bayansu, kowa da ɗan feginsa. Har iri suke bayarwa aro kamar littafi. Ka shuka, in ya yi 'ya'ya ka ɗaura wa wasu jan ƙyalle su bushe a jikin uwarsu, ka mayar musu da irin. Gwaggo haifaffiyar birni ce, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, amma ta karɓi irin kuɓewa, don ita mijin yake so.

In ta dawo da laka a ƙafa sai ya ɗago daga katifa ya ce, "Sannu da zuwa, sarkin noma. Buhu nawa yau?"

"Kai dai gyara ciki, Direba. Sai ka ce ta ishe ka."

Da kuɓewa ta fara 'ya'ya, na farkon nan dogaye masu kyau, duk sai ta ɗaure su da jan ƙyalle. A ganinta wanda ya ba ka aro da shi ake farawa, amana ce. Mijin ya ce, "Haba ke kuwa, tsinko min ko biyu mana, bakina ɗaci."

"Na mutane ne. Naka na tafe."

Ashe kuɓewa in aka bar mata manya, ja da baya take yi da haihuwa. Fure ya yi ta zubewa, shi kuma jiki ya yi ta ƙi. Ranar da ta samu cikin tafin hannu ta nufo gida da sauri, tun daga bakin layi ta hango takalma a ƙofa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da ta koma aiki, ta fasa busassun a gefen zane ta kai wa malamar laburare. Malamar ta ji yadda aka yi, ta dafe kai. "Wayyo Gwaggo! Ai da kin ba shi. Na ƙarshe ake bari, ko kin zo hannu biyu ma wa zai tambaye ki?"

Gwaggo ta ce, "Ba rabonsa ba ne," ta ɗauki tsintsiyarta.

Har yau tana shukawa. In ta ga sabon mai fegi da jan ƙyalle a hannu, sai ta riƙe masa wuyan hannu ta ce, "Akwai mara lafiya a gida? To tsinke, kai masa tukuna."

Ita dai ba ta sake sa kuɓewa a bakinta ba.