Zakaran Hajiya Tasalla

In ka bi layin masu walda a Funtuwa ka tambayi Ubaidullahi, za a ce maka, "Wa? Injiniya?" Sai a yi dariya, a nuna maka rumfar ƙarshe. Ɗan maƙera ne daga Malumfashi. Ubansa ya ƙare rayuwarsa yana ƙera fartanya da galma, shi kuwa ya taso da wata lalura, ba ya iya ganin abu a fili bai yi masa akwati ba. Ya yi wa kaji akwati mai ɗumi, kaji suka ƙi shiga. Ya yi wa babur rumfa, iska ta kwashe rumfar har da mai babur ɗin.

Abu ɗaya ne ya karɓe shi, akwatin busar da tumatir. Gilashi a sama, farantin sola a gefe, 'yar fanka a ciki. Tumatir ya fito ja wur, babu ƙasa, babu kashin awaki, kuma ruwan bazatan nan da ya koyi sauka ba sallama a 'yan shekarun nan ba ya taɓa shi. Guda ɗaya tak ya ƙera, don har ƙofar shagonsa sai da ya ɓalle ya sa a ciki.

Da wannan akwati aka ɗauke shi a Shirin Tsiro, masu renon ƙananan kamfanonin da ke yaƙi da sauyin yanayi. A zauren wani otal ake taruwa, an kunna na'urar sanyi da janareta, ana koya musu ceto duniya daga hayaƙi. Mai horar da su, Malam Kamalu, matashi ne daga Kaduna mai ƙaramar riga da babbar murya.

"Malam Ubaidu, ɗago kai! Kalli mutum cikin ido! Ka ce, ni ne na farko, ni ne na fi kowa. Sannan kada ka sauka sai ka roƙi abin da kake so, gatsau!"

Ubaidullahi ya koya. Har madubi ya saya. Sai aka ce kowa ya kai abinsa wurin mai bukata na gaske a gwada, kafin ranar baje koli, ranar da masu zuba jari za su zo su zaɓi waɗanda za a ci gaba da su. Wanda ya zo ba kayansa a hannu, ya sha shayi ya koma gida.

To, wa ya fi surukarsa bukata? Hajiya Tasalla ta Maska, uwar matarsa Suwaiba, ta yi shekara da shekaru tana sana'ar kauɗar tumatir. Ya ɗora akwati a a-kori-kura ya kai. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa, ido a ƙasa. Jawabin da ya haddace duk ya tsere, abin da ya fito kawai shi ne, "Hajiya, ga wannan... a sa tumatir."

Hajiya ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka cika gida. Ta yi ta sa albarka har muryarta ta dushe. Washegari ga ɗan acaɓa a ƙofar gidansa da wani jan zakara, ƙafafu a ɗaure, wai tukwici in ji Hajiya.

Da a ce ya mayar da zakaran a ranar, da wataƙila akwai magana. Amma Suwaiba ta riga ta ɗora ruwan zafi, shi kuma, a faɗi gaskiya, har ƙari ya nema.

Da ranar baje koli ta matso, ya sami matarsa tana tankaɗe.

"Suwaiba, ki je ki ce wa Hajiya aro ne."

"Aro? Malam, cinya biyu ka ci."

"Gwaji na kai!"

"Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta faɗa, ni zan je in ƙwace mata kaya? Kai da aka koya wa kallon mutane cikin ido, bismilla."

Malam Kamalu bai ga matsala ba sam. "Wannan ai dama ce! Ka ɗauke ta mai zuba jari. Matsala, mafita, roƙo. Shi ke nan."

Ubaidullahi ya dube shi. "Malam Kamalu, kana da aure?"

"Tukuna."

"Na ga alama."

Haka dai ya koma Maska. Ya tarar an ɗaura wa akwatin laya, an shimfiɗa masa zane kamar amarya. Ya gaida Hajiya, ya gaida gajiya, ya tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, ya sake gaida gajiya. Daga nan ya shiga sauyin yanayi. Ya yi bayanin zafin duniya, ya gangaro kan ƙanƙarar da ke narkewa a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Hajiya na bayan labule tana cewa, "Ikon Allah." Da ya iso gaɓar roƙo, sai ya ji bakinsa ya ce, "To, Hajiya, sai an jima."

"Tsaya, Malam," in ji ta. "Waccan ta aiko mini cewa baƙi za su zo ganin akwatina."

Akwatina. Ya ƙara sunkuyar da kai. "Haka ne, Hajiya."

"Ai ba na hana a ga abin arziki. Sai dai akwai tumatir ɗin mutane a ciki, ba na barin sa da kowa. Tare za mu."

Ranar baje koli, Hajiya Tasalla na gaban mota kusa da direba, Injiniya na baya a tsaye, rungume da akwati, har Funtuwa. An kai kaya, wannan kam an ci. Abin da bai lissafa ba shi ne kujerar da za a ba ta, sahun gaba, daidai saitin inda zai tsaya.

Aka kira sunansa. Ƙafarsa da kanta ta tuɓe takalmi a bakin dandamali. Malam Kamalu na can baya yana ɗaga haɓa da hannu, yana nuna masa ya miƙe. Ina! Mutum ya tsaya ƙerere a kan surukarsa ya ce shi ne ya fi kowa? Ya rusuna, ya yi wa tabarmar dandamali jawabi cikin ladabi. Ba wanda ya ji ko kalma. Hajiya kuwa ta buɗe akwati, ta bi baƙi da faranti, kowa ya ɗanɗana, har da faɗa wa wani mai gilashi ya ci da hannun dama.

Wata baƙuwa daga cikin masu zaɓe, Hajiya Shafa'atu, ta karɓi lasifika. "Abin ya yi kyau ƙwarai. Tambaya ɗaya, don mu san da wa za mu ƙulla. Na wane ne?"

Ubaidullahi ya tuna ƙofar shagonsa. Ya tuna tartsatsin da ya ci masa riguna. Ya saci kallon gefen mayafin surukarsa, sannan ya tuna zakara.

"Na Hajiya ne."

Tafi ya ɓarke. Ashe sun daɗe suna neman kamfanin da mace ke jagoranta a karkara, ba su samu ba sai yau. Malam Kamalu har da share ƙwalla, yana gaya wa na kusa da shi cewa dabara ce, shi ya koya masa.

Yanzu kamfanin na cikin waɗanda aka ci gaba da su. Hajiya ce shugaba, tana zama a kan kujera mai juyawa. Injiniya na halartar kowane taro daga bakin ƙofa, kusa da takalma. In yana da shawara sai ya gaya wa Suwaiba, Suwaiba ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta kai. Shawara kan dawo bayan mako guda, an gyara ta.

Ya fara ƙera akwati na biyu a ɓoye, a bayan shago, ya rufe da buhuna. Wannan nasa ne, ya rantse. Saura gilashi kawai ya ɗora, sai ga ɗan acaɓa ya yi fakin a bakin rumfa.

"Salamu alaikum, nan ne wurin Injiniya? Daga Musawa nake. Ƙanwar Hajiya Tasalla ce ta ce a gaishe ka da aiki."

A bayan babur, ƙafafu a ɗaure, wani farin zakara ne ke kallon sa cikin ido.