Ƙaiƙayin shinkafar da ya kusa cinye mini ido

Assalamu alaikum. Na san an daɗe ba a ga hoton ɗinki ko ɗaya a shafin nan ba. Waɗanda kayansu suka zauna a wurina har biki ya wuce, ku gafarce ni. Ido ne ya kwantar da ni, sai yanzu likita ya yarda in kalli waya.

Da kaka na tashi daga Kalgo na je gida Gwandu, na tarar ana sheƙar shinkafa. Ina taya Inna, mahaifiyata, iska ta juyo, ƙaiƙayi ya faɗa mini a idon dama. Na murza, na wanke, na ci gaba da aiki.

Washegari kwantsa ta manne idon, sai da ruwan ɗumi ya buɗu. Ya yi ja wur. Kowa ya ce apolo ne.

Aka sayo mini maganin ɗigawa a kemis. Jan ya ragu, zafin ya kwanta. Na koma Kalgo na hau keken ɗinkina.

Ran nan na ɗauki zare zan zura a allura, na kasa. Na ɗauko madubi. A tsakiyar baƙin idon akwai wani farin ɗigo kamar ƙwayar gero.

Da gari ya waye ya ƙara faɗi.

Haske ya zame mini abokin gaba. Ko labule aka ɗaga sai in ji kamar an soka mini tsinke har cikin kai. Maƙwabciyata ta ce a ɗiga nonon mai jego. Maigidana, Baban Nana, ya ce ba a gidansa ba.

Inna ta zo duba ni. Ta buɗe idon da yatsunta, ta daɗe tana kallo. Ta saki, ta juya ga Baban Nana.

"Wanga ciwo ba apolo ba na. Ku tahi asibiti yanzu."

A Birnin Kebbi, bayan kati da dogon layi, likitar ido ta rufe mini hagu ta ce, "Yatsu nawa na ɗaga?" Inuwa kawai nake gani. Ta ɗiga wani ruwa rawaya, ta haska fitila shuɗiya.

Ta karɓi kwalbar kemis ɗin ta karanta. "Wannan yana da sinadarin da ke kwantar da ja da kumburi, ƙwayar cuta kuwa tana ci a ƙarƙashi. Gyambo ne a kan baƙin idonki, kuma ya yi zurfi."

Na ce, "Likita, zan gani da shi?"

"Ba zan yi miki alkawari ba. Abin da muke gudu shi ne idon ya huje."

Aka kashe zafin wurin, aka kankari gyambon kaɗan don gwaji, aka ba ni gado. Maganin ɗigawa na antibayotik, mai kashe ƙwayar cuta, kowace awa, dare da rana. Yana da tsada, sai da Baban Nana ya kai tunkiyarmu kasuwa.

Nas ta koya wa Inna. A wanke hannu, a ja fatar ƙasa, ɗigo ɗaya, bakin kwalba kada ya taɓa ido. Yana shiga kamar barkono. Barci kuwa babu, kina fara lumshewa za a taɓa ki.

A gadon kusa da nawa akwai wata dattijuwa 'yar Masama, muna ce mata Goggo. Karan gero ne ya tsokane mata ido a gona. Ta yi ta sa kwalli da ruwan tsimi kafin a kawo ta. Ta leƙo fuskata ta ce, "Ɗiyata, nau ma haka ya hwara."

Kwanakin farko babu abin da ya canza. Likita ta auna farin, ta rubuta, ta wuce. Mugunya ta taru a ƙasan baƙin idon. Ina jin ɗaliban da ke biye da likitar suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci.

Wata safiya aka tura Goggo ɗakin tiyata. Ta dawo da bandeji, an cire idon. Ba ta yi kuka ba, carbinta kawai ta nema. Inna ta ja labulen da ke tsakaninmu, ta zo ɗiga mini magani, ɗigon ya sauka a kuncina. Ta sake ɗigawa.

Sakamakon gwaji ya fito, bakteriya ce, kuma maganin da nake shan wuyar ɗigawa yana kashe ta. Aka ci gaba.

Sai wata rana likita ta ɗago daga na'urarta ta ce, "Gyambon ya tsaya." A ranar na gane launin hijabinta da idon mai ciwo.

An sallame ni da sharaɗin in ci gaba da ɗigawa ko da zafi ya tafi, har sai ita ta ce a daina. Na bi. Tabo ya rage, ina gani da idon kamar ta bayan gilashi mai hazo. Amma idon yana nan a mazauninsa. Alhamdu lillahi.

Na gode wa Inna, da Baban Nana, da likita da nas-nas ɗin da ba su gaji da ni ba. Allah Ya saka da alheri.

'Yan'uwa, in wani abu na gona ya shiga idonku, ya yi ja, yana zafi, ko gani ya ragu, ku nemi likitan ido a ranar. Kada ku ɗiga abin da ba a rubuta muku ba, ko na maƙwabci. In an ba ku antibayotik, ku kiyaye lokacinsa, ku kai shi ƙarshe.

Goggo ta koma Masama kafin a sallame ni. Wanda ya karanta wannan, ya sa ta a addu'a.