Yaya da Ungozomar Cikin Littafi

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana karɓar haihuwa a asibiti. Rabin mutanen layinmu ta hannunta suka zo duniya, har da mai gyaran babur ɗin nan da ba ya gaishe ta sai ya ga dama. A shekararta ta ƙarshe aka musanya alamar da ake ɗaura wa jarirai a hannu. An gane kuskuren tun kafin a sallami iyayen, kuma ba ita ta ɗaura ba, amma ita ce babba a ɗakin ranar. Aka miƙa mata takarda, wai ta je ta huta. Ko taron bankwana babu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ita kuwa ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Yanzu idonta ya yi rauni. Kullum in na rufe shagon ɗinkina da la'asar, sai in biya in karanta mata littafi. Tana zama a kujerar roba kusa da taga, ƙafafu a kan bokitin da ta kife, farcenta a yanke tas kamar gobe za ta koma aiki.

Wanda muka karanta watan jiya labarin zamanin fatake ne. 'Yar wani marini da magatakardan wani attajiri suna son juna, ga shi kuma jaririn attajirin ya ɓace ranar haihuwarsa: an ce bai zo da rai ba, amma ba wanda ya ga gawa. Magatakardan ne ke bin diddigin zancen. Soyayyar kam marubucin ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ko hannu ba su taɓa riƙewa ba. Shi dai in ya ga shuɗin rini a igiyar rijiya, ya san ta riga shi zuwa.

"Ji sakarai," in ji Yaya. "Ya buɗe baki ya gaya mata mana! Ke kika ɗinke masa shi?"

Ni ba ni da haƙuri, sai na leƙa ƙarshe a shago. Ashe ungozoma ce ta sace yaron ta sayar wa fatake. Ga ƙanin attajirin mai baƙin ciki, ga mai gadi mashayi, duk marubucin ya tsallake su, bai ga wadda zai shafa wa kashin kaji ba sai matar da ta durƙusa ta karɓi haihuwar. Na wurgar da littafin cikin kwandon ƙyalle. Da na huce na ɗauko shi, na yanke cewa Yaya ba za ta ji wannan daga bakina ba.

Ranar da muka kai wurin, sai na shiga tsara nawa. Na ɗora wa ƙanin attajiri laifin, na sa aka kama shi a rumbu yana kuka. Ina cikin zuba ta ɗaga hannu.

"Auta, tun ɗazu ban ji kin juya shafi ba. Wannan shafin gona ne?"

Na rufe littafin a kan yatsana.

"Ungozomar ce, ko?"

"Wa ya gaya miki?"

"Tun babi na uku na sani. Ta fito ta ce yaro bai zo da rai ba, sannan ta ce a ɗumama mata zane a kawo. Wa ake ɗumama wa zane, Auta? Gawa tana jin sanyi ne?"

Na ce, "To ai shi ya sa! Mutumin nan ya ci mutuncinku, ke da duk masu aikinku."

"Ya ci," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa, wannan na yarda, don zanen nan ba a ƙirƙiro shi. Amma bai shiga ba. Wadda ke tsoron kada sanyi ya kama yaro ba za ta miƙa wa matafiya shi ba. A nan ya yi ƙarya." Ta gyara ƙafarta a kan bokitin. "Ke kuma taki ƙaryar ta fi ba ni haushi. Ido ne ya tafi, ba hankali ba. In ke ma za ki riƙa tace mini abin da zan ji, wa ya rage mini?"

Na sake buɗe littafin. Na koma inda na kauce, na karanta yadda yake, kalma bayan kalma, har tonon asirin da korar matar daga gari. Yaya ba ta motsa ba. Sai da aka zo inda magatakardan ya furta wa 'yar marinin soyayyarsa a ƙarshe, cikin jimla biyu kacal, na ga tana share ido da gefen ɗankwali.

"Mugun mutum," ta ce. "Gobe ki tambaya ko ya rubuta wani littafin."