Mai Askin da Ya Yi Gaba da Ruwa

A layin shagunan nan kowa Rediyo yake kiran sa. Mai aski ne, ya koyi sana'ar a wurin kawunsa tun gemu bai fito masa ba, yanzu kuwa furfura ta ci rabin kansa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, da madubi mai tsaga a kusurwa, da fanka mai kwaso zafi daga wannan bango ta kai wancan. Hannunsa da laushi, bai taɓa yanke kowa ba. Bakinsa ne ba ya hutu. Da zarar ya ɗaura maka ƙyalle a wuya ka shiga hannu, sai ka ji labarin ƙwallo, da tsadar taya, da dalilin da ya sa ƙanen matarsa ba zai taɓa yin hankali ba.

Abu ɗaya ne Rediyo ba ya yi a wurin aiki, shan ruwa. Banɗaki ɗaya ne a layin, makullinsa kuma yana rataye a shagon tela, maƙwabcinsa. Su biyun sun daɗe ba sa magana, tun ranar da tela ya ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya kuma dage cewa ƙafafun Rediyo ne ba daidai ba. Sai Rediyo ya yanke wa kansa shawara: wanda bai sha ba, ba ya roƙon makulli.

Da lokacin zafi ya kankama, bakinsa ya riƙa bushewa, harshe na manne wa dasashi. Maimakon ruwa sai ya ajiye kwalbar alewa mai minti, ya jefa ɗaya ya ci gaba da zuba. To shi mai aski dole ya sunkuyo dab da hancin mutum in zai gyara masa gemu. Mutane suka fara riƙe numfashi har idanunsu su kawo ruwa. Wani tsohon malamin makaranta da ya shekara da shekaru yana zuwa ya ce, "Yi mini kai kawai, gemun zan tara shi." Ba a jima ba rabin layin ya zama masu tara gemu.

Rediyo ya kai ƙara wurin matarsa, wai sabon mai askin tsallaken titi ne ke zuga masa mutane.

Ta ajiye masa kofin ruwa, ta ɗan ja da baya. "Maigida, ba yaron nan ba ne. Bakinka ne."

"Me bakina ya faɗa?"

"Ba abin da ya faɗa ba ne."

Ya yi fushi, ya wuni bai kula ta ba. Amma bayan 'yan kwanaki wani haƙori na can ciki ya tashi da zugi, kunci ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai. Ita ce ta tasa shi gaba zuwa asibitin haƙori.

Likitar yarinya ce sa'ar 'yarsa. Ta kwantar da shi a kujera, ta ɗaura masa ƙyalle a wuya, ta cusa masa ƙarafa a baki, sannan ta fara magana. Rediyo na da amsar kowace jimla, amma ba hanyar fito da ita.

"Baba, yawu shi ke wanke haƙora yini guda," in ji ta. "In ba ka sha ruwa ba, yawu ya ƙafe. Ga zafi, ga surutu, ga sukari ka kwantar a kai. Ai haƙorin nan ya yi haƙuri da kai."

Ta cike ramin da ke haƙorin, ta hana shi alewa, ta ce ya riƙa kurɓar ruwa tun kafin ƙishi ya kama shi.

Washegari ya zo shago da ƙatuwar gora, yana aski yana kurɓa. Kafin rana ta take, abin da yake gudu ya same shi. Ya daure, ya canja tsayuwa, ya yi shiru har wanda yake yi wa aski ya tambaye shi ko lafiya. Daga ƙarshe ya ajiye almakashi, ya taka a hankali ya tsaya ƙofar tela, yana kallon sama.

"Makulli," ya ce.

Tela bai ɗago daga kan kekensa ba. "Wane makulli? Kwaɗon nan ya lalace tun bara. Tura ƙofar kawai ake yi."

Rediyo ya buɗe baki zai yi magana, ya ga ba lokaci, ya wuce da sauri. Da ya dawo ya tsaya suka yi cacar baki mai kyau a kan wanda ya kamata ya sanar da wani, tun daga ranar kuma suke gaisawa.

Masu gemu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Rediyo ya sayi kular ruwan sanyi, ya kafa doka cewa ba mai hawa kujerarsa sai ya sha, yana ɗura wa mutum kofi bayan kofi yana yi masa bayanin yawu. Dokar ta ci gaba da aiki har ranar da wani direban tasi, an aske masa rabin kai, ya miƙe da ƙyalle a wuya ya bi layin da gudu, masu shaguna na leƙowa. Yanzu sai an gama aski yake ba da ruwan.