Abin da Coci Ta Sayar Ba Ta Sani Ba

Matso in gaya maka sirrin da na kwaso a tashar motar Kuopio ta ƙasar Finland, amma tsaya ka ga mai shi tukuna. Wata tsohuwa ce 'yar firit, hularta kamar tukunyar biki, ga takalmin roba har gwiwa. Da ganinta ko fasto tsoronta yake ji. Tana waya da ɗanta, tana sukar iska da lema.

"Jarmo, sakarai, saurara! Coci ta sayar da sansanin yara na bakin tafki, otal za a gina. Can na haɗu da ubanka, can na binne tokar gawarsa a ɓoye. Sun sayar min da miji!"

Ina ta miƙa wuya ina saurare, sai ta juyo.

"Kai mai kunnen zomo, tunda ka ji komai, ka iya haƙa?"