Tankin da Inna ta turara

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, amma ranar da maigidana ya shigo mana gida da tankin mota a ka, ita kam sai dai a rufe ni da ita. Muna Tawa a lokacin, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, shi kuma yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya ta wani ɗan kasuwa, zuwa kasuwannin arewacin Adar. A unguwarmu shi kaɗai ne direba, har tafiyarsa ma daban take.

Tare muke zaune da uwarsa, Inna. Tsohuwa ce mai tsaftar da ke gajiyar da suruka, na shaida. Randarta kuwa sananniya ce: ta wanke ta da toka, ta kifa ta a kan kaskon garwashi da ƙajiji har hayaƙi ya kama ta. Maƙwabta kan aiko a ɗebo musu ruwan don ƙamshinsa.

A makon da abin ya faru aka aiko cewa autarta da ke aure a Affala ta haihu, bayan shekarun da aka yi ana roƙon Allah. Inna ta ɗaure kayanta tun ranar, ba ta da zance sai na ganin jikan. Ɗanta ya yi mata alkawarin zai kai ta suna a gaban kamyo. Sai kamyon ya fara tari yana mutuwa a hanya, aka ce tsatsa da rairayi ne suka taru a tankin mai.

Ya kwance tankin ya kawo gida. Ya tsiyaye sauran man, wani baƙin gwiɓi ya biyo baya. Ya zuba tsakuwa da ruwan sabulu, yana jijjigawa yana zubarwa har ruwan ya fito fari. Inna na tsaye a kansa, don ba a wanki a gidan ba tare da ita ba. Ta sunkuya ta shinshina bakin tankin, ta yamutsa fuska.

"Wanga wari hwa? Da shi za mu tahi wurin jinjiri?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, tankin mota na hwa, ba randa ba." Ya jingine shi a rana, ya tafi tasha neman tiyo. Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Ni ma na ɗauki tulu na nufi rijiya, tunda ruwan gidan ya ƙare a wankin.

Ina jan guga na ji wata ƙara daga wajen gidanmu, har tantabaru suka tashi. Da na iso gida, tankin ya tsage, kasko ya watse, ƙajiji na hayaƙi a ƙasa. Inna ta ga an wanke abu bai daina wari ba, sai ta yi masa abin da take yi wa randarta. Tana zaune dirshan, hannuwanta a kan fuska. Da ta ji muryata sai ta ce, "Ɗiyata, tankin bai lalace ba dai ko?"

An kai ta likita. Ƙunar ta warke, idanun ba su dawo ba. Aka yi suna babu ita. Bayan arba'in aka kawo mata yaron, ta ɗora shi a cinya tana shafa fuskarsa da yatsu, goshi, hanci, kunne. Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Ke da ba ki ɓoye magana, gaya mini, da wa yay yi kama?" Maigidana ya tashi ya fita, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ran nan.

Inna ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Shi ne har ya tsufa yake maimaitawa: da ma ya ce mata kada wuta ta kusanci tankin ko an wanke shi. A ganinsa kowa ya san haka. To a ina za mu sani? Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Abin da na koya shi ne, idan ka kawo baƙon abu gida, ka kawo shi da bayaninsa. Kuma idan babba ya yi maka tambayar da ta ba ka dariya, ka haɗiye dariyar ka ba shi amsa.