Sunan da Saudatu Ta Sassaƙa

Saudatu ’yar Ɗan Azumi a aji huɗu ta bar lekol, amma duk faɗin unguwar Bracodi babu wanda ya kai ta iya rubutu a juye. A wurin mahaifinta ta koya. Shi mutumin Birnin Ƙonni ne, ya sauka Abidjan yana saurayi da niyyar cinikin goro, goron ya ƙi shi, ya ƙare a kan wani ɗan tebur a Bracodi, cikin Adjamé, yana sassaƙa wa ’yan kasuwa hatimin roba, wanda a nan ake ce wa tampon. Ɗansa Kailu ya ce shi tuƙi zai yi, ba zai tsufa a sunkuye ba. Saudatu ce ta zauna kusa da tsohon tana miƙa masa reza da madubi, har hannunta ya faɗa.

Da Ɗan Azumi ya rasu ta gaji teburin, sai dai ba ta gaji cinikin ba, don a lokacin injina sun fara fitar da tampon cikin ’yan mintoci. Shi ne ta koma yin kati. Ragowar takarda mai kauri take kwasowa daga wurin masu ɗab’i, ganye kuwa a hannun masu kayan miya take tsinta da sassafe kafin rana ta taɓa shi. Ganyen rogo ya fi kyau a tsakiya saboda yatsunsa, na zogale a gefe. Bayan ganyen ake shafa wa tawada, nan jijiyoyinsa suke, a kifa shi a kan takarda, a rufe da tsohuwar jarida, a murza da kwalba. Ganye ɗaya kati huɗu yake yi ya gaji. Da damina, lokacin da iskar Abidjan ba ta barin komai ya bushe, a igiya take jera su kamar wanki, da kaskon gawayi a ƙasa.

Tana yin na barka da Sallah, tana yin na tarbar alhazai, amma katin suna shi ya sa aka san ta. Ranar suna ake raba shi, kowane baƙo ya tafi gida da sunan jaririn a tsakiyar ganye. Matsalar ita ce, a dangin da take wa aiki ba a jin suna sai liman ya faɗe shi da safiyar ranar, hatimi kuwa sai an sassaƙa shi tun da saura kwana uku ko huɗu. Don haka ta kafa ƙa’ida. Uban yaro zai rubuta sunan a takarda, ya ninke, ya ajiye a kan tebur. Ba ta buɗewa sai ya tafi. In ta gama aiki ta ƙona takardar, ta ɗaure katunan a leda baƙa. Shekara talatin, kakanni sun yi lallashi, ƙawayen mai jego sun yi dabara, babu wanda ya taɓa jin suna a bakinta.

Ita kanta ba a taɓa yi mata suna a ɗaki ba. Aure biyu ta yi, duka suka mutu ba haihuwa. Da Kailu ya rasu a hatsarin mota a hanyar Bouaké, matarsa ta gama takaba ta koma Nijar, aka bar wa Saudatu ɗansu Shamsuddin yana shekara huɗu. A ɗaki ɗaya ta rene shi, cikin wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya a unguwar da ake ce wa Biafra. Ya yi karatu, ya samu aiki a ofishin masu fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, ya kama gida a unguwar 220 Logements. Ranar ɗaurin aurensa da Jamilatu ya karɓi lasifika, ya faɗa da Faransanci, ya sake faɗa da Hausarsa mai tuntuɓe: in Allah Ya ba shi ’ya mace, sunan Gwaggo za ta ci. Mata suka yi guɗa. Saudatu ta rufe fuska da mayafi.

Bayan shekara biyu Jamilatu ta sauka, aka samu mace. Kwana uku da haihuwa Shamsuddin ya tsaya a teburin Bracodi cikin sauri, ya ce kati ɗari biyu yake so, mafi kyau. Ya zaro takarda a ninke ya ajiye. Saudatu ta yi dariya ta ce ai wannan ba sai an rubuta ba. Ya ce ƙa’ida ƙa’ida ce, ya duba agogo, ya tafi.

Ta buɗe don kawai ta ga yadda ya rubuta shi, da u ko da ou. Haruffa biyar ta gani: Houda. Ta juya takardar ko akwai wani abu a baya. Babu.

Ta san abin da zai gyara maganar. Baffa Idris, ƙanin mahaifinta, yana nan da ransa a Treichville, shi ne babban dangi, ba a tsallake maganarsa. Yana wurin ranar da aka yi alkawarin. Kalma ɗaya daga gare shi ta isa ta sa Shamsuddin ya karɓi takardarsa ya rubuta wata. Amma kafin Baffa ya yi magana sai ta faɗa masa abin da ke cikin takardar. Ta shiga bas da yamma, ta haye gada, ta sauka daf da layinsu. Ta gaishe shi, ta sha ruwa. Tsohon ya tsokane ta, ya ce yanzu sai ta fara tara wa takwara tukwane. Ta ce Allah Ya raya, ta yi sallama.

Washegari ta je barka a 220. Ɗakin cike da mata, ana ta kunun kanwa da hira. Hafsatu, maƙwabciyarta a Biafra tun suna ’yan mata, ita ta fi kowa zaƙewa. Ta ɗauko jaririyar ta dangwara mata a cinya, ta ce a duba hancin nan, ai ko ba a faɗa ba an san mai shi, Allah dai Ya sa kada ta gado taurin kai. Aka fara gardamar laƙabin da za a sa wa yarinyar, tunda ba mai iya kiran sunan Gwaggo gatsau: wasu suka ce Mami, wasu suka ce Hajiya Ƙarama. Jamilatu tana kan gado tana duba waya. Saudatu ta riƙe yarinyar, ta yi murmushi inda ake jiran murmushi.

A matakalar bene ta ci karo da Shamsuddin yana hawowa da jarkar ruwa. Tun daga fuskarta ya gane, ya fara bayani kafin ta tambaya. Wai Jamilatu ce ta ga babu amfanin sa suna a ɓoye shi, yarinya ta tashi ana ce mata Mami, a makaranta wani suna, a gida wani. Wai zamani ya sauya. Wai in an samu ta biyu, ba fashi.

«Ɗan Kailu,» in ji ta, «ban tambaye ka dalili ba. ’Yarka ce. Amma ni na goye ka, bakinka bai yi nauyin da zai kasa faɗa mini ba. Me ya sa takarda?»

Ya sauke jarkar, ya kalli bango. «Tanti, in na faɗa miki da baki, za ki iya kai wa Baffa. Na san abin da aka ninke ba kya faɗa.»

Sai ta ce ya matsa ta wuce.

Kwana biyu ta yi a kan aikin. Ta yanki roba sabuwa, ta zana haruffan daga dama zuwa hagu, ta duba a madubi, ta sassaƙe. Sau ɗaya reza ta zame ta ci gefen harafin farko, ta jefar ta sake wani, don hannunta bai iya barin aiki a karkace ba. Ta zaɓi ganyen rogo ƙanana masu laushi, ta yi musu kore mai duhu, zogale a gefe da ruwan zinariya. Sau ɗari biyu ta danna sunan a kan takarda.

Ranar suna liman ya ce Huda. Idanun tsakar gidan suka juyo kan Saudatu. Baffa Idris ya kira Shamsuddin gefe, ransa a ɓace. Saudatu tana kusa, ta ji amsar da kunnenta: ai Gwaggo ta sani tun kwana huɗu, ga shi ma ita ta buga katin da hannunta. Ya miƙa wa tsohon guda. Baffa ya juya katin, ya yaba kyansa, ya ce to, tunda mai haƙƙi ta yafe, shi mene ne nasa.

Hafsatu ba ta yafe ba. A gaban mata ta ce ashe Saudatu tana sane ta bar su suna ta haukan guɗa, ta mai da su abin dariya a gaban surukai. Tsawon wata guda ba ta amsa mata gaisuwa a bakin famfo.

Saudatu tana nan a Bracodi har yau. Idonta ya rage, sai da tabarau biyu take sassaƙa, masu zuwa ma sun ragu tunda yanzu a waya ake tura gayyata. Huda tana zuwa mata hutu, tana ɓata mata tawada, ita kuwa ba ta iya yi mata faɗa. Bara Jamilatu ta sake haihuwa, mace. Wannan karon Shamsuddin bai zo teburin ba, ya ce kati ya zama wahala, hoto za a tura wa mutane. Saudatu ta yi wanka, ta ɗaura zaninta mai kyau, ta zauna cikin mata tun kafin liman ya iso. Radiyya aka sa wa yarinyar. Hafsatu, da suka shirya tun tuni, ta laluɓo hannunta ta matse. Saudatu ta zare hannun a hankali, ta tashi ta kama rabon waina.